Kriek: Giyar Beljiyam da sukari ya ƙwace wa suna

Idan ka shiga babban kanti a birnin Brussels ka nufi layin abin sha, za ka iya tarar da kwalabe biyu a jere, kowacce an rubuta mata "kriek", kowacce ruwan cikinta ja ne kamar zoɓo. Ta farko ƙarama ce mai marfin ƙarfe irin na lemon kwalba, ga arha, ga zaƙi kamar alewa. Ta biyu babba ce mai kauri, an toshe bakinta an ɗaure da waya, kuɗinta ya ninka na waccan, kuma masu shan ta sun ce kurɓin farko sai ya sa mutum ya yamutsa fuska saboda tsami.

Dukkansu giya ce. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin na san mai karatu zai ce me ya haɗa mu da giyar Turawa. Ni ba mashayi ba ne, ba kuma tallarta na zo yi ba. Hukuncinta a wurin Musulmi sananne ne, ɗan itace ko ɗan sukari bai canza shi.

Abin da ya ja hankalina shi ne rigimar da ke tsakanin kwalaben nan biyu, wadda aka shafe fiye da shekara 70 ana yi. Tambayar da ke tsakiyarta duk mai zuwa kasuwa ya san ta: idan an canza abin da ke cikin kwalba amma aka bar sunan da ke jikinta, ciniki aka yi ko algus?

A ganina algus ne, ko da doka ta ɗaure masa gindi. Amma kafin a kai ga wannan, sai an san yadda ake yin ta asalin.

Giyar da ake bar wa iska

Kusan duk giyar da masana'antu ke yi a yau, da yis ɗin da aka raina a ɗakin gwaje-gwaje ake yin ta. Tun 1883, lokacin da Emil Christian Hansen na kamfanin Carlsberg a Denmark ya gano yadda za a ware nau'in yis guda ɗaya tak a riƙa hayayyafa shi, masu giya suka rungumi tsarin, domin kwalbar yau za ta fito daidai da ta jiya.

Waɗanda suka ƙi bin ayari su ne masu yin lambic, wato uwar giyar da ake yin kriek da ita. Suna nan a yankin Pajottenland da ke kudu maso yammacin Brussels, da kwarin wani ƙaramin kogi mai suna Zenne. Su ba sa zuba yis ko kaɗan.

Suna haɗa sha'ir da aka tsirar da ɗanyar alkama, wadda ba ta gaza kashi 30 cikin 100 na hatsin ba. Su dafa ruwan na tsawon awanni tare da wani fure mai ɗaci da ake kira hop. Sauran masu giya sabon hop suke nema don ƙanshinsa da ɗacinsa. Masu lambic kuwa sai sun ajiye shi shekara biyu ko uku, ɗacin ya gudu, ya rage kawai ƙarfinsa na hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Daga nan sai a tura tafasasshen ruwan can saman bene, ƙarƙashin rufi, a zuba shi a wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe mara zurfi, wanda zai iya cika ɗaki guda. A buɗe tagogi, a tafi a kwanta. Cikin dare iskar sanyi ta shigo ta huce shi, ta kuma sauke masa duk abin da ta ɗauko na yis da bakteriya. Da safe a ɗura shi a gangunan katako, yawanci tsofaffi waɗanda aka taɓa ajiye ruwan inabi a ciki.

Abin da ke faruwa a cikin gangar shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin kamar sauyin gwamnati ne. A makonnin farko wasu bakteriya iri-iri ne ke mulki. Sai yis mai suna Saccharomyces, ɗan uwan wanda ke kumbura burodi da fanke, ya karɓe iko na wasu watanni, yana mayar da sukarin hatsi barasa. Idan yanayi ya ɗumama, sai wata bakteriya mai suna Pediococcus ta shigo da tsami, irin tsamin da ke cikin nono. A wannan gaɓar ruwan kan yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, har masu sana'ar su ce giyar ba ta da lafiya. Ba sa zubarwa. Jira suke yi, sai wani yis mai sanyin jiki da ake kira Brettanomyces ya zo ya cinye yauƙin, ya ci gaba da aiki a hankali har shekara ɗaya, biyu ko uku. Shahararren nau'insa ma sunan birnin aka laƙaba masa: Brettanomyces bruxellensis.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ilimi. Matar da ke kwantar da kindirmo ta san ƙwaryar da ta saba ta fi sabuwa kama nono. Mai daddawa ta san kalwa ba ta buƙatar a sayo mata komai, rufi da kwanaki kawai take so. Burkutu da ake dafawa da dawa a sassan Filato da kudancin Kaduna, da fito na arewacin Ghana, su ma tsaminsu daga kwanan da ruwan hatsi ke yi a buɗe yake samuwa. Bambancin shi ne burkutu a kwanaki ake shanye ta, lambic kuwa sai ta shekara a ganga.

A gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900 a unguwar Anderlecht ta Brussels, ko gizo-gizo ba a kashewa, domin shi ke kama ƙudajen da 'ya'yan itace ke jawowa. Yanar gizo ce a ko'ina a jikin katakon rufi, ta gaske, ba irin wadda kake karanta wannan rubutu a kanta ba.

Ceri da jakunan Schaarbeek

Kalmar kriek a harshen arewacin Beljiyam sunan wani nau'in ceri ne mai tsami, ɗan itace ja da bai fi girman kanya ba, mai ƙwallo a ciki. Idan bazara ta yi an tsinke shi, sai a zuba shi ɗungurungum cikin lambic da ta riga ta kwana biyu a ganga, tsakanin giram 200 zuwa 400 a kowace lita, ya danganta da gida. A bar shi watanni. Yis ɗin da ke ciki ya farka ya cinye sukarin cerin kaf, ya bar launi da ƙanshi da tsami, ƙwallon kuma ya ba da wani ɗanɗano nasa. Sai a ɗura a kwalba tare da ɗan sabon lambic, a ajiye, ta sake tsimuwa a ciki ta yi kumfa da kanta.

Haka ake yi da rasberi a sami wadda ake kira framboise. Cantillon na yin ta da inabi da kuma wani ɗan itace mai suna afirkot. Amma ceri shi ne na kaka da kakanni.

Wanda aka fi daraja shi ne na Schaarbeek. A da ƙauye ne a gefen Brussels, manomansa suna loda ceri a bayan jakuna su kai kasuwar birni, har ake yi wa garin laƙabi da garin jakuna. Yau Schaarbeek unguwa ce cike da benaye da 'yan asalin Turkiyya da Maroko, gonakin sun zama tituna. Yawancin cerin da ake amfani da shi yanzu daga ƙasashe irin su Poland da Turkiyya ake sayo shi.

Ka lura da abu ɗaya a wannan tsari: kriek ta asali ba za ta taɓa yin zaƙi ba. Muddin yis na raye a cikin kwalba, duk sukarin da ka zuba zai cinye shi, ya mayar da shi barasa da iska, in ya yi yawa kwalbar ta fashe. Hanya biyu ce kawai ta samun zaƙi. Ko dai ka tace giyar ka ɗumama ta har ƙwayoyin su mutu sannan ka zuba sukari da ruwan 'ya'yan itace, ko ka sa sakarin da danginsa waɗanda yis ba ya iya ci. Kowacce ka ɗauka, ka kashe abin da ya sa ake kiran ta da wannan suna.

Mutumin da ya kawo sukari

Masu kallon ƙwallo da suka manyanta za su tuna ƙungiyar Anderlecht, inda marigayi Stephen Keshi ya taka leda daga 1987 zuwa 1991, Celestine Babayaro ya biyo baya. Shugaban ƙungiyar a lokacin shi ne Constant Vanden Stock, wanda ya riƙe ta daga 1971 zuwa 1996, kuma filin wasanta ya daɗe yana ɗauke da sunansa. Arzikinsa daga giya ya fito, daga kamfanin gidansu mai suna Belle-Vue.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bakin mutanen Beljiyam ya canza. Lemon kwalba ya shigo, giya mai haske mara tsami ta cika mashaya, matasa suka fara kallon lambic a matsayin abin shan tsofaffin ƙauye. Vanden Stock ya karanci kasuwa. Ya tace giyarsa, ya sa mata zaƙi, ya ɗura ta a ƙananan kwalabe masu marfin ƙarfe waɗanda kowane yaron shago zai iya buɗewa. Ya sayar kamar me. Da ribar ya yi ta saye ƙananan gidajen lambic ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu ba su sake hura wuta ba.

Wasu suka bi sahu. Gidan Lindemans da ke Vlezenbeek, wanda tarihinsa ya koma 1822, ya fara yin kriek mai zaƙi da ruwan ceri a shekarun 1970, ya buɗe kasuwar Amurka da ita. A farkon ƙarni na 20 gidajen da ke dafa lambic ko haɗa ta ɗaruruwa ne a Brussels da kewaye. Zuwa shekarun 1990 ana iya ƙirga waɗanda suka rage ba tare da an gaji ba.

Belle-Vue yanzu mallakar AB InBev ce, kamfanin giya mafi girma a duniya, wanda shi ne ke da rinjaye a International Breweries ta Najeriya. Wata sananniyar kriek mai suna Mort Subite tana hannun Heineken, uwar Nigerian Breweries mai yin Maltina da Fayrouz. Ashe masu wannan rigima ba su yi mana nisa kamar yadda muke zato ba.

Mai gida ya koma baƙo

Kaɗan ne suka tsaya. Jean-Pierre Van Roy, malamin makaranta da ya auri 'yar gidan Cantillon, ya ƙi sa sukari, ya mayar da masana'antar gidan tarihi a 1978 don kuɗin masu ziyara ya taimaka wajen riƙe ta. Frank Boon, yana saurayi, ya karɓi wani tsohon gida da ke dab da rufewa a garin Lembeek a shekarun 1970. Armand Debelder na gidan 3 Fonteinen a Beersel ya ci gaba da haɗa giyarsa yadda ya gada a lokacin da kusan babu mai saye.

A 1997 wasu daga cikin gidajen suka kafa ƙungiya mai suna HORAL don kare sana'ar, kuma a wannan shekarar Tarayyar Turai ta yi wa tsohon tsarin rajista. Daga nan duk kwalbar da aka rubuta wa "oude kriek", wato tsohuwar kriek, dole ta kasance lambic zalla da ceri na gaske, wadda ta sake tsimuwa a cikin kwalba.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin nasara. Ni ban gan shi haka ba gaba ɗaya. Duba wanda aka sa ya canza suna. Na jabu ya riƙe "kriek", na asali ne aka ce ya ƙara kalma a gaba don a gane shi. Kamar a ce mai sayar da zuma ta gaske shi ne zai rubuta "tsohuwar zuma" a robarsa, mai dafa sukari ya ci gaba da rubuta "zuma" hankali kwance. Baƙon da ya sauka a Brussels, wanda bai san harshen ba, ta yaya zai san cewa haruffa huɗu ne ke raba shekara uku a ganga da 'yan makonni a tankin ƙarfe?

Kalmar "kriek" ita kaɗai yau ba ta tabbatar maka da komai. Tana iya zama lambic kaɗan da aka gauraya da wata giyar, tana iya zama wata giya daban da aka rina da ruwan ceri. Cantillon ma ta ƙi shiga HORAL, domin akwai mambobin ƙungiyar da ke sayar da mai zaƙin a gefe guda. Ita a kwalbarta sai ta rubuta cewa lambic ce ɗari bisa ɗari.

Inda masu zaƙi suke da gaskiya

Adalci ya sa in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Masu zaƙin za su ce da ba don su ba, da babu wanda ya rage. Kuɗin kriek mai zaƙi ne ya riƙe Lindemans a shekarun wuya, har ya samu sararin fitar da tsohuwar giyarsa mai suna Cuvée René. Boon ma yana sayar da mai ɗan zaƙi tare da ta asalin. Ganga mai kwana shekara uku jari ne a ɗaure, kuma banki ba ya jiran yis. Na yarda da wannan. Ban taɓa cewa kada su yi abin da kasuwa ke so ba. Abin da nake cewa shi ne su raɗa masa sunansa.

Za su kuma ce sukari ba baƙo ba ne a wannan al'ada. Gaskiya ne. Tun ƙarni na 19 akwai faro, lambic da ake sa wa sukari a mashaya a shanye nan take. Har wani ɗan ƙarfe ake ajiyewa a kan tebur don murƙushe ƙwayar sukari a cikin kofi. Amma a nan mai sha ne ke zaɓa. Yana ganin abin da aka kawo masa, shi ke cewa a ƙara ko a bari, kamar yadda mai fura ke tambayarka ko a sa suga. Wannan daban yake da a dama maka madarar gari da ruwan kuka a miƙo maka a ce nonon shanu ne.

Su ma masu tsamin ba waliyyai ba ne. Akwai tatsuniyar da suka daɗe suna jin daɗinta, cewa wai iskar kwarin Zenne ce kaɗai a duniya ke ɗauke da ƙwayoyin da suka dace. Kogin nan fa, saboda ƙazantarsa da annobar kwalara ta 1866 hukumomin Brussels suka binne shi a ƙarƙashin tituna tsakanin 1867 da 1871. Binciken da masana na jami'o'in Beljiyam suka yi ya nuna cewa katakon ganguna da ginin kansa suna da babban hannu a abin da ke tsiro a cikin giyar. Kuma tun 2007 da gidan Allagash a jihar Maine ta Amurka ya gina nasa farantin, an ga cewa tsarin yana aiki a wata nahiyar ma.

Sai dai abin da ya biyo baya ya ƙara min ƙarfin gwiwa kan batun suna. A 2016 wani gidan giya a jihar Texas mai suna Jester King ya fitar da tasa, ya bi tsohon tsarin sau da ƙafa, ya sa mata tambari mai ɗauke da kalmar "gueuze", wato sunan haɗin tsohuwa da sabuwar lambic. HORAL ta ce ba ta yarda ba. Aka zauna, a 2017 Amurkawan suka janye kalmar suka sauya tambarin. Ka ji fa. Baƙon da ya yi aikin yadda ya kamata an hana shi sunan, ɗan gida da ke zuba sakarin yana nan da shi. Idan suna na nufin wuri ne kawai, to ba ya gaya wa mai saye abin da ya fi buƙatar sani.

Abin da zaƙi ke ɓoyewa

A nan ne batun ya taɓa mu kai tsaye. Kriek ta asali, mai barasa kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ba ta yaudarar kowa. Warinta da tsaminta suna sanar da kai me ce ce tun kafin ta kai maƙogwaro. Mai zaƙin ce matsalar. Kriek ta Lindemans kashi 3.5 ce, ta rasberi kashi 2.5. Ja ce, tana kumfa, ga hoton 'ya'yan itace a jikin kwalbar, harshe ba ya jin komai sai zaƙi. Ɗalibinmu da ya je karatu Turai, ko ɗan kasuwar da ya je sayen motoci a Antwerp ya shiga kanti da ƙishirwa, zai iya ɗauka ya biya yana zaton lemo ne. Ba lemo ba ne. Duk inda ka ga kriek, framboise, lambic ko gueuze, giya ce, kuma ɗan adadin da ke kusa da alamar kaso a jikin kwalbar shi ne shaidarka.

Ko ga waɗanda addininsu bai hana su ba, zaƙi shi ne ƙofar da ake shigo da wanda bai saba ba. Mutumin da ɗacin giya zai kora, sukari ne ke zaunar da shi. Kamfanoni sun san haka, ba su zuba ruwan ceri don kishin manoman Schaarbeek ba.

Kada kuma a ruɗe da ɗaya gefen. Akwai masu tallata ta asalin a intanet da cewa ai "ta halitta" ce, tana da ƙwayoyi masu gyara ciki kamar nono. Barasar da yis ɗin daji ya yi da wadda yis ɗin masana'anta ya yi duk abu ɗaya ne a wurin hanta. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Girmama gwanintar mai sana'a daban, yarda da tallarsa daban.

Daren da ya ƙi yin sanyi

Yau kasuwar ta juya. Tsohuwar kriek da aka rasa mai saye a shekarun 1980 ta zama abin da Amurkawa da Japanawa ke bin layi a kai. Wasu na saye don su sake sayarwa a intanet da ninkin kuɗi, abin da ke ɓata wa masu yin ta rai. Sababbin gidaje sun buɗe, kamar na Pierre Tilquin a 2009. Gidan 3 Fonteinen yana bin mutanen yankin yana sayen cerin Schaarbeek daga bishiyoyin bayan gidajensu, yana kuma ƙarfafa a dasa sababbi.

Sana'ar dai har yanzu a kan siraɗi take. A watan Mayun 2009 na'urar daidaita zafi ta lalace a rumbun 3 Fonteinen, ɗakin ya yi zafi kamar tanda, dubban kwalabe suka fashe ko suka lalace, saura ƙiris gidan ya durƙushe. Wannan tsautsayi ne na dare ɗaya, an kuma farfaɗo. Akwai wanda ya fi shi, wanda rajistar Tarayyar Turai ba ta da maganinsa.

Farantin nan na saman bene sanyi yake buƙata. Ana so daren ya kasance tsakanin digiri 3 ƙasa da sifili zuwa digiri 8 a ma'aunin Salshiyos, don ruwan ya huce a kan lokaci kuma ƙwayoyin da ba a so su yi ƙaranci a iska. Shi ya sa ba a dafa lambic sai daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. A kakar 2015, Jean Van Roy, ɗan Jean-Pierre da ke riƙe da Cantillon yanzu, ya shaida wa manema labarai cewa dole ya zubar da dahuwa uku ya dakatar da aiki, saboda darare sun ƙi yin sanyi har cikin Nuwamba. Wani nazari da aka yi tare da gidan, aka bayyana a 2018, ya nuna cewa kwanakin da suka dace da dahuwa sun ragu daga kimanin 165 a farkon ƙarnin da ya wuce zuwa kimanin 140.

Mafita a fili take, kuma kowane injiniya zai faɗa maka: a sa na'urar sanyaya ɗaki, a rufe tagogi, a riƙa dahuwa duk shekara. Manyan kamfanoni ba sa rasa barci a kan wannan, tankunansu ba ruwansu da yanayi. Ƙananan gidajen ne ke da tambaya a gabansu, kuma ita ce dai tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar riga: ruwan da injin ya sanyaya, iskar waje ba ta taɓa shi ba, lambic ne? Van Roy ya zaɓi ya jira sanyi, ko da hakan na nufin gangunan da zai cika a shekara su ragu. A gidansa har yanzu ranar hura wuta ba ta tabbata sai an duba hasashen yanayi na daren da za a buɗe tagogi.